Rantsuwar Baban Goggo

Jiya a tsakar gidanmu na Haɗejiya nake yi wa Goggo, yayar babana, bayanin abin da likita ya gani a hoton kan maigidana. Ƙari ne a ƙwaƙwalwa, irin kansar nan mai saurin girma. Na ce shi ke kawo masa ciwon kai da amai da sassafe, shi ya sa yake zagin mutane, mutumin da ko yaro bai taɓa daka wa tsawa ba.

Sai carbi ya suɓuce daga hannunta.

"Hannunsa ɗaya ya saki?"

Na ce, "Na hagu. Goggo, wa ya gaya miki?"

Ashe haka mahaifinsu ya yi a Auyo, zamanin Turawa, tana 'yar shekara tara. Masunci ne. Da ciwon ya fara, sai gari ya ɗauka wai ya shiga tafki a ɓoye kafin sarkin ruwa ya ba da izinin kamun kifi, aljanun ruwa suka taɓa shi. Aka yi masa ƙaho, aka yi hayaƙi. Yana rantsuwa bai shiga ba, har magana ta ɗauke. Kafin a yanke shinkafa ya rasu.

Goggo ta damƙe hannuna.

"'Yar nan, ashe gaskiya Baba yake faɗa? Ni ma fa ban yarda da shi ba."

Allah kaɗai ya san ciwon da ya kashe kakana.

Ku sa maigidana a addu'a. Amma da ku ne, me za ku ce mata?