Kwalliyar da Na Yi wa Gwaggo

"Ɗiyata, rufe mini baƙin ƙarƙashin idon nan, kada Sani shi gani."

Gwaggona ce ta faɗa jiya a Kurawa, kafin ɗanta ya kira ta bidiyo. Sana'ar kwalliya nake yi tun da na gama jami'a. Na ɗiga mata konsila mai ɓoye tabo, na bi da man fandeshan, na daddanna da soso har fatar ta daidaita.

Da kiran ya shigo, Sani ya gan ta ya yi dariya. "Inna, kin yi fes! Ashe farin bana bai taɓa ku ba. To, buhun masarar nan da na aje miki, surukaina za ni kai ma."

Ta ce, "Kai musu."

Alhali geronta a tsaye ya ƙone, rumbu babu komai.

Ta hana ni faɗa masa. Jama'a, in na kira shi, na ci amanarta?