Alamar Ruwan da Na Shafe da Hannuna

Edita, ina gaisuwa. Lokacin da abin nan ya faru ni ne mafi zurfin boko a ƙauyenmu, cikin ƙasar Agiye, kuma kada wannan ta tsorata ku: shekara uku na yi a lakol, biyu daga ciki a aji guda. Amma ukun nan sun ci da ni shekara hamsin. Ni ke karanta takardar likita, ni ke tsayawa gaban jandarma, ni ke tafinta in baƙi sun zo da mota. Gemuna ya yi fari fat, har yau ɗan lakol ake ce mani, ni kuwa ina amsawa da ƙarfi. Ba zan faɗi sunana ba, ko da yake duk wanda ya ci tuwon dusa a garinmu bara ya san shi.

Wani rani aka aiko ma maigari cewa masu tsara ayyukan komin, wato ƙaramar hukumarmu, za su zo su auna inda ruwa ke bi da damina, don a san inda za a gina abu da inda ba za a gina ba. Mu kuma mun daɗe muna roƙon magaza ta bankin hatsi, ɗakin da kowane gida zai zuba gero da kaka, a ɗiba tsakiyar damina in rumbu ya koma masaukin ɓeraye. Ranar kasuwar Cadawa, wajen mai shayi, na ji wani mai bakin sani shina cewa duk garin da aka shafa ma ja a taswirar mutanen nan, ko bulo guda ba zai gani ba, maƙwabta za a kai ma aikin. Ban tambaye shi inda ya ji ba. Maƙwabtanmu kuwa sun riga mu samun famfo, kuma tun ranar in sun gamu da mu sai su tambaya ko mun samu yin wanka. Na ce ba da raina za a ƙara masu magaza ba.

Na dawo na cika ma maigari kunne. Filin da muka ware ma aikin shina cikin kwari, bakin hanya, shimfiɗaɗɗe kamar faifai, kuma babu mai rigima a kansa, alhali a garinmu ko inuwar gawo sai an yi shari'a. Ban tsaya na tambayi kaina abin da ya sa ba shi da mai shi ba. Shina da mai shi, sai dai da damina yake zuwa dubiya. A bangon masallacinmu akwai wani layi daidai ƙugun mutum, wanda ruwa ya bari shekarar babbar malka. Na sa aka kwaɓa ƙasa, na naɗe riga, na yaɓe shi da hannuna. Liman ya tambaye ni ko salla ta matso bai sani ba. Na ce mashi baƙi ke tafe, kuma ba a tarbar baƙo da dattin gida. Ya dube ni, ya dubi bangon, ya ce Allah shi kyauta.

Suka zo su uku, shugabarsu wata matashiyar injiniya, Bazabarmiya, Hausarta ta cinikin kasuwa ce kawai. Ta sa muka zana garin a ƙasa da toka, tsakuwa gidaje, kara hanya, ta ce a kira mata tsofaffi da mata da makiyaya. Arɗon rugar da ke gabas da mu ya nuna kwarin da sanda ya ce shi da idonsa ya ga maraƙi shina iyo a nan. Gwaggon maigari, tsohuwar da ba ta tsoron kowa, ta ce turminta ruwa ya ɗauka daga ƙofar ɗaki ya kai shi can, sai da rani ta same shi, kwaɗi sun yi gida ciki, ta kuma lissafo katangun da suka faɗi shekarar. Na gyara murya na juya maganar da Faransanci, na ce ruwa kaɗan ne, shina wucewa. Injiniyar ta ce, Baba, tsohuwa ta daɗe tana magana, kai kuma kalma huɗu ka faɗi. Na ce mata Faransanci ya fi Hausa gajarta, shi ya sa Turawa suka riga mu gama aiki. Aka yi dariya, har da ita. Ta nuna mani hoton garin da aka ɗauko daga sama, ta ce ita dai wurin nan kamar ƙwarya take ganinsa. Na ce abin da ke yawo a sama bai taɓa noma a nan ba. Ta zagaya masallaci tana duban bango, ba ta ga kome ba sai sabon yaɓe. Ta rubuta abin da na faɗi, na sa hannu, har da ƴar lanƙwasa a ƙarshe.

Aka gina magaza, ƙofar ƙarfe, rufin kwano. Kaka ta farko kowa ya zuba, har matan da mazansu suka rasu, masu tiya biyu masu tiya uku. Damina ta zo da sauƙi, kome bai faru ba, na riƙa tafiya a gari kamar ni na tsayar da hadari. Kaka ta biyu aka zuba fiye da ta farko. Bara, tsakiyar damina, saura kwana biyu a buɗe a raba, ruwa ya tsuge tun hantsi har la'asar. Duk abin da tudu ya ƙi sha kwari ya gangaro. Muna tsaye kan jigawa muna kallon rufin kwanon kamar marfin tukunya. Sai da aka kwana huɗu muka iya isa ƙofar. Da aka buɗe, wari ya mayar da mu baya. Geron ya tsira cikin buhu, ya fito da gemu ya fi nawa tsawo. Ban yi dariya ba ranar, kuma babu wanda ya yi. Sauran daminar mutane da yunwa suka yi noma. Wata daga cikin matan nan ta biyo ta ƙofar gidana da ƙwarya wofi, ba ta zage ni ba, ta dai tambaya ko ɗan lakol ya tashi lafiya. Mai ɗakina kuwa ba ta da wannan kunyar. Duk ranar da ta ajiye mani tuwon dusa sai ta ce in ci, kaɗan ne, shina wucewa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya biyo baya. Na hau taksin daji na je buro, ofishin komin, na ce a shafa mana ja. Wani magatakarda mai ladabi ya ba ni kujera, ya buɗe littafin tsarin, ya ce a rubuce kwarinmu ba shi da haɗari, bisa shaidar dattawan gari. Na ce ni ne dattawan, kuma ƙarya na yi. Ya nuna mani sa hannuna ya tambaya ko na jabu ne. Na ce nawa ne, ga lanƙwasar nan. Ya ce to Baba, sai in an zo sabon awo, kuma ba shi ke sa rana ba. Sau uku ina komawa. Ƙaryata ta shiga takarda cikin yini guda, gaskiyata wata bakwai tana zaune kan benci. Na tambayi injiniyar, aka ce an mayar da ita wata jiha. A nan ne kuma na ji cewa garin da aka shafa ma ja ba a hana shi aiki, a kan tudu ake gina mashi. Mai bakin sanin kasuwa ban ƙara ganinsa ba, Allah ya taimake shi.

Makon jiya kamyo, babbar motar kaya, ya zo ya juye yashi da duwatsu. An tausaya mana, za a sake gina magazar, a wurinta na da, tunda nan takarda ta ce.

Don haka, dattawan ƙauye, musamman ku masu rabin lakol irina, ku ji ni. In masu awo suka zo, ba surukai ba ne da za a ɓoye masu tsumma. Ku kai su inda ya fi muni, ku bar tsohuwa ta gama maganarta, ku bar makiyayi ya nuna da sandarsa, wanda ya iya Faransanci ya faɗi duka ko ya yi shiru. Ni dai yanzu kullum da safe ina ɗaukar tabarma in je in shimfiɗa kan tulin yashin nan. Na faɗa ma magina in suna son yashinsu su kira amalanke su kai mu tudu, ni da shi. Sun ce tsoho ya taɓu. Wataƙila. Amma gero na uku ba zai shiga kwarin nan ba ina da rai.