Hoton Mama da na ɗora a sitatus

Ko zan manta komai na zamanin sakandare, ban da makon da na koyi kalmar "sheen". Malamin Turancinmu a Zuru ya ce ba ƙyallin da ke kashe ido ba ne, irin na sabon kwano a rana. Sheƙi ne mai laushi, kamar na fatar da ta sha man kaɗe. Ni kuwa lokacin, in na cafke sabuwar kalma sai na yi ta yayinta har ƙawayena su gaji.

Ranar Asabar na hau mashin zuwa ƙauyenmu, can bayan Ribah. Na tarar da Mama tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Wata biyu rabona da ita. Kumatu sun ciko, goshi na sheƙi, har ƙafafunta.

Na ce, "Mama, kin haɗu fa, ba ƙarya. Wannan shi Bature ke ce wa sheen."

Ta ce, "Ke da Turancinki. Takalmina ma ya daina shiga."

"Hutu ne, madam. Gyara zama."

Ta yi dariya, na ɗauke ta hoto, na ɗora a sitatus da sabuwar kalmata. Kafin la'asar saƙonni sun cika wayata, kowa na cewa Mama ta samu jin daɗi. Ina ta amsawa, babban yatsana ko hutawa ba ya yi.

Washegari da safe ƙanwar Baba, wadda ke aikin jinya a Zuru, ta ga hoton, ta kira. Ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Je ki danna mata ƙauri da yatsa, ki gaya min abin da kika gani."

Na danna. Wurin ya lotsa, ya ƙi dawowa.

Ta ce, "Wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Ku kawo ta yau."

Likita ya ce ƙoda ce, kuma ta daɗe. A gadon asibiti Mama ta ce min ta so gaya min fitsari ya rage mata, amma ta ga ina murna, ta ƙyale. Ba ta kai girbin dawa ba.

Na san sunan abin da na gani da Turanci, amma "Mama, ya jikinki?" bai fito daga bakina ba. Tun daga nan na koyi in wani nawa ya canza kama, in zauna in tambaye shi lafiya tukuna, in saurari amsar har ƙarshe.