Gaɗar da Yaya Ta Cire

Yayata ce ta haɗa ƙungiyar, a wani ɗakin motsa jiki na mata da ke unguwar Aziziyya a Jidda, lokacin da aka fara sakar wa 'yan mata mara a harkar wasanni. Tashji'i ake ce wa abin: 'yan mata su jeru, su yi tafi da tsalle da ihu don su zuga 'yan wasa, har gasa ake shirya musu. Yaran suna kiranta kabtin. Ni kuwa ɗinki ne nawa, ni nake yi musu kayan wasa, 'yata kuma tana ciki.

'Yar tawa a nan Jidda aka haife ta, kamar yadda aka haife mu. Tana jin Hausa, amma da Larabci take amsawa. Ga kunya kamar me, ko baƙi aka yi sai ta shige ɗaki. Gaɗa ce kaɗai take fito da ita. Innarmu ce ta koya wa jikokinta a saman benen gidanmu na unguwar Sa'alaba: a tsaya ana tafi, yarinya ɗaya ta juya baya ta saki jiki ta faɗo, sauran su cafe ta su cilla sama. Babu mai faɗowa kamar 'yata, ko waiwaye ba ta yi. Da Yaya ta gani sai ta saka gaɗar a tsakiyar wasansu.

A gasar farko ba mu ci ba, amma ba mu kunyata ba. Bayan an tashi, alƙaliya ɗaya, wata dattijuwa 'yar Hijaz, ta kira Yaya gefe, ni ma na bi su. Matar nan ta daɗe tana magana a kan cillawar. Ta ce ba ta taɓa ganin irinta ba, ta tambayi wanda ya koya musu. Can a ƙarshe ta ce, amma in an cafe yarinyar layuka suna wargajewa, yaran ba sa komawa wurarensu da wuri.

To, mu a gidanmu an raine mu a kan cewa yabon gaban ido ladabi ne kawai, kamar bismillar da ake yi wa mai wucewa ana cin abinci. Maganar gaske ita ce wadda ta biyo bayan "amma". Yaya kuwa ta fi kowa riƙe wannan karatun.

A cikin tasi ta ce, "Kin ji dai? Gaɗar nan ce ta kashe mu."

Na ce, "Haba Yaya, yabonta fa ta yi."

"Mujamala ce, daɗin baki. Ke har yanzu ba ki san mutanen nan ba? Cewa take mun kawo musu wasan ƙauye. Halas, shi ke nan, a cire."

Mun yi ta sa-in-sa har gida. Na ce ta koma ta tambayi matar me take nufi, ta ce ita ba ta roƙon yabo. Yaya in ta kafe, ko Inna ba ta iya tanƙwara ta.

Aka cire gaɗa, aka mayar da 'yata layin baya. Ba ta yi ƙorafi ba, ba halinta ba ne. Sai yau ciwon kai, gobe jarrabawa, har ta daina zuwa gaba ɗaya. Abin ya ci mini rai ƙwarai, har yanzu ma yana ci.

Da shekara ta zagayo, yaran Yaya suka fito da layuka miƙaƙƙu sak, ko ɗaya ba ta kuskure ba. Ina zaune ina kallo, wallahi in ban da kayan da na ɗinka da hannuna, da ban bambance su da sauran ƙungiyoyin ba. Wannan karon kuwa can ƙasa muka zo.

Dattijuwar nan da kanta ta nemo mu. Ta ce, "Fen albint? Ina yarinyar da ake cillawa?"

Yaya ta ce ai ke kika ce tana ɓata layi. Matar ta riƙe baki. Ta ce layin ta ce a gyara, aikin da bai taka kara ya karya ba. Ita duk shekarar nan tana ba mutane labarin yarinyar.

Da muka dawo na faɗa wa 'yata, ina murna, ina zaton za ta tashi da tsalle. Yaya ma ta zo da kanta, ta sauke girman kai, ta ce wa yarinyar ta dawo, wurinta yana nan. Don kunyar yayar uwarta ta yarda ta gwada. Muka hau sama, 'yan uwanta suka jeru suna tafi, ta juya baya. Sai ta waiga. Ta sake gyara tsayuwa, ta sake waigawa. Tafin ya yi ta raguwa har ya mutu.

Ta ce, "Ma agdar, Khala, ba zan iya ba." Ta ɗauki mayafinta ta sauka ƙasa.