Farar Ƙasa a Kan Bangon Baba

Ranar wata Asabar, saura kwana takwas Kirsimeti, a shekarar da nake aji biyar na firamare, na ɗauki bokitin farar ƙasa a ka na bi bayan mahaifina muka ratsa Sabo, unguwar Hausawa a Ibadan, da rana tsaka. Shi yana gaba da tsani a kafaɗa da burushi biyu a hannu, ni ina baya ruwan farar ƙasa yana fantsalo mini a goshi. Masu tsince goro a bakin layi, waɗanda kullum sukan ɗaga masa hannu su ce "Mai Fenti, ina gajiya," ranar kowa ya sunkuyar da kai a kan kwandonsa. Iya mai amala, tuwon Yarbawa, ta tsayar da ludayinta ta bi mu da kallo har muka sha kwana. Za mu cocinmu ne mu shafe zanen da Baba ya yi wata uku yana yi a bango, kuma ni ce na jawo masa.

Sunansa Istifanus, amma in ban da Mama babu mai kiransa haka. Daga wani ƙauye a ƙasar Katsina ya zo Ibadan tun yana saurayi, ya kama sana'ar zanen bayan manyan motoci a tashar Ojoo: zaki, dabino, jirgin sama, da rubutun addu'ar hanya. Mu kaɗai ne Kiristoci a gidan hayar Alhaji Ɗanlami mai fataucin goro, gida mai ɗakuna da yawa da rijiya ɗaya a tsakiya. Da sassafe in ja ruwa in cika randar Mama, in share ƙofar ɗakinmu, sannan in zauna da gwangwanin kananzir in wanke burusan Baba ɗaya bayan ɗaya. Bayan la'asar kuwa tsakar gida tamu ce, mu yi carafke da tsakuwa, mu yi suwe, wasan tsalle a gidajen da aka zana a ƙasa, da 'ya'yan Yarbawan maƙwabta, Hausa da Yarbanci suna cakuɗe a bakinmu ba mu ma lura ba. Babbar ƙawata ita ce Rabi, 'yar Alhaji. Da Sallah tuwonsu da nama su shigo ɗakinmu, da Kirsimeti shinkafarmu ta shiga nasu, kuma Alhaji da kansa yakan yanka mana kaza don kowa ya ci.

Baba yana da wata ɗabi'a da take ƙona wa Mama rai. Duk masu zanen Ojoo sukan rubuta sunansu a kusurwar bayan mota, domin motar tana yawo daga Ibadan har Sakkwato tana yi musu talla. Baba ba ya sa nasa. In Mama ta tasa shi gaba da faɗa, ya ci gaba da goge yatsunsa ya ce, "Wanda ya ba ni hannun ya san hannun." Mama ta ce to Shi ɗin ya aiko da cefane. Ranar da babu aiki kuma sai ya tafi Kasuwar Bodija ya raɓe a gefen masu albasa, yana zana fuskokin 'yan dako da gawayi a kan takardar buhun siminti, ya dawo da su ya cusa ƙarƙashin katifa. Ni dai kunyarsa nake ji. Farcensa bai taɓa fita ba, wandonsa launi bakwai ne, kuma a makaranta sunana 'Yar Kananzir, saboda ko na yi wanka sau uku warin yana bina.

A waccan shekarar aka gama yi wa cocinmu filasta, ɗan ƙaramin cocin Hausa da ke bakin unguwa, Baba ya miƙe a gaban jama'a ya ce zai zana bangon bayan mumbari kyauta. A makon ne kuma Alhaji ya ce ya zo ya zana masa motocinsa uku. Baba ya roƙe shi ya jira bayan Kirsimeti, Alhaji ya ce goro ba ya jira, ya ba wani. Da kuɗin aikin nan aka so yi mini ɗinkin Kirsimeti. Na riga na zaɓi atamfar, shuɗiya mai zanen tsuntsaye, na kuma riga na cika wa Rabi baki har da takalmi mai tsini. Ita tana da Sallah biyu a shekara, ni rana ɗaya tak nake da ita da zan fito tsakar gida a kalle ni. Da Mama ta ce bana sai dai a sake wanke rigar bara, ban yi kuka ba. Na haɗiye abin, ya zauna mini a ciki yana ruɓewa.

Baba ya rufe bangon da buhuna da ya ɗinke, ko ranar Lahadi ba a buɗewa. Wata rana Mama ta aike ni in kai masa abinci, na same shi ya ɗage buhunan. Labarin ranar da Yesu ya ciyar da taron jama'a da gurasa biyar da kifi biyu ne ya zana, amma Yesun baƙi ne siriri, da kaushi a ƙafa, kuma taron duk mutanenmu ne. Na gane ɗan dakon nan mai karyayyen haƙori, na gane makauniyar da ke zama a bakin masallaci, na gane Iya mai amala. Ya canza musu tufafi, ya cire huluna, in ba ka taɓa leƙa ƙarƙashin katifarmu ba da wuya ka gane kowa. A tsakiya akwai wani dattijo riƙe da kwando yana raba gurasa, kunnensa na hagu a ɗan lanƙwashe. Na ce, "Baba, wannan ai Alhaji ne." Ya yi murmushi ya ce, "Duk Juma'a wa kike gani yana raba wa 'yan dako abinci? Ban san wani mai kwando da ya fi shi ba." Kusurwar ƙasa ta dama ce kawai babu komai, ya ce ita ce ta ƙarshe.

Da na ce ƙuruciya ce ko suɓutar baki, da na yi ƙarya. Kwana biyu ina juya maganar, ina zaɓen yadda za ta fi zafi. Ran Laraba muna carafke, Rabi ta tambaye ni ko an kai atamfar wurin tela. Na kama tsakuwata na dube ta na ce, "Babana ya zana babanki a cikin coci, ba hula, yana yi wa Yesu hidima. Ranar Kirsimeti kowa zai durƙusa a gabansa." Na ƙarshen nan ƙari ne na yi, don ya ji gishiri. Ta watsar da tsakuwoyin ta ruga cikin gida. Na tuna sarai abin da na ji a lokacin, daɗi ne.

Washegari Alhaji ya je cocin da mutum biyu. Bai shiga ba, ta taga ya leƙa aka ɗage masa buhun. Da ya dawo ya tsaya a bakin rijiya ya sa aka kira Baba, matan gida duk suna laɓe a bakin ƙofofi. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ce, "Shekara nawa muna cin abinci kwano ɗaya, Istifanus? Ni da ko hoton kaina ban rataye a ɗakina ba, ka ɗauki fuskata ka kai ɗakin ibadarku ba ka tambaye ni ba. Ƙarshen wata ka ba ni ɗakina." Baba ya ce ya yi kuskure da bai tambaya ba, ya ba da haƙuri. Dattawan coci kuwa kamar jira suke yi. Da yamma suka zauna da shi, wani a cikinsu mai shagon kayan gini ya ce shi tun farko bai ga dalilin da za a zana Mai Ceto kamar ɗan ci-rani ba, alhali ga kalanda nan da hotonsa mai kyau, fari tas. Wani ya ce an cika musu bango da almajiran kasuwa masu warin albasa. Suka yanke cewa ya shafe shi da hannunsa kafin Lahadi, ya kuma tsaya gaban ikilisiya ya nemi gafara. Babu wanda ya ce a buɗe buhunan jama'a su gani ko sau ɗaya.

Ran Juma'a Baba ya fita tun safe da gwangwanayen fentinsa, bai dawo ba sai magariba, Mama tana ta mita wai mutumin da aka kora me ya rage masa a can. Ran Asabar ɗin ya ce in ɗauko bokiti. Muka shiga cocin babu kowa, ya cire buhunan, ya hau tsani ya fara daga sama, ya ce ni in yi ƙasa tunda nan tsawona ya kai. Na shafe ƙafafun 'yan dako, na shafe kwanduna, ina tafiya dama, har na iso kusurwar da na bari babu komai. Yanzu akwai yarinya a wurin, tana miƙa wa Yesu gurasa da hannu biyu. Tana da wushirya, da tabon da murfin rijiya ya yi mini a gira, sanye da shuɗiyar atamfa mai tsuntsaye. Fentin bai gama bushewa ba. Na ce, "Baba, me ya sa ka ƙarasa, tunda ka san za a shafe?" Daga kan tsani ya ce, "Ba a kai wa Ubangiji rabin aiki. Ya gani, shi ke nan. Oya, shafa, Rifkatu, kada ta daskare a bokiti." Sau uku na bi ta kan fuskar kafin ta ɓace.

Ƙarshen wata muka koma Akinyele, ɗaki ɗaya kusa da gonar rogo. Fatake suka daina ba shi motoci, ya koma rubuta lambar gida da allunan makarantu har ƙarfinsa ya ƙare. Rabi ban sake ganinta ba. Bayan na girma na taɓa tambayarsa ko ba ya baƙin cikin cewa aikinsa mafi kyau mutum biyu ne kawai suka gan shi a kammale. Ya gyara mini lissafi ya ce uku, kuma na ukun Shi ya ba da aikin. Na so in faɗa masa gaskiya a ranar, bakina ya ƙi. Sai bayan mun binne shi, muna kwashe takardun siminti daga ƙarƙashin katifarsa, Mama ta ce mini ba tare da ta ɗago ba, "Uwar Rabi ta faɗa mana ke ce, tun daren Larabar. Ya hana ni in taɓa ki." Wato da ya ɗauki fentinsa ran Juma'a, ya sani.

Yau ina da shagon buga allunan talla a kwamfuta, kuma a kusurwar kowanne sunana da lambata suna nan ɓaro-ɓaro. Aiki ba ya yanke mini, mutane suna cewa na gaji Baba har na fi shi. Bara na bi ta Sabo na leƙa cocin. An rataye wani babban hoto bugun inji a bangon, Yesu fari mai gashi har kafaɗa, yara suna ɗaukar kansu a waya a gabansa. Da a zamanin nan ne, da wani ya ɗauki hoton zanen Baba kafin mu iso da bokiti. Na matsa kusurwar dama na ɗaga gefen hoton, babu komai sai fenti a kan fenti. Yarinyar tana can ƙasa da gurasarta, kuma ni ce na rufe ta.