Sun Ce Yaro Ba Ya Ciwon Gaɓoɓi

Ina yarinya 'yar firamare a unguwar Jambutu a Garwa, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa, ciwon ya same ni. Babana ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa, ni kuma ban san zama wuri ɗaya ba. Sai na fara tashi da safe gwiwoyina a kumbure, yatsuna a sandare, ko bik na rubutu ba na iya riƙewa sai rana ta ɗaga. Malaminmu ya ce lalaci ne, ya riƙa dukana a kan yatsun nan saboda makara. Gwaggona ta ce amosanin gaɓɓai ciwon tsofaffi ne, nawa sai dai iska, aka yi ta turara ni har na tsani ƙamshin hayaƙi. Yara suka sa mini suna Kaka, suna kwaikwayon tafiyata. In baƙi suka zo, a ce in shiga ɗaki in huta. Wallahi wannan hutun ya fi kumburin ci mini rai, har na daina magana da kowa.

Da aka kai ni asibiti, likita ya tabbatar yara ma suna kamuwa, kuma ba ciwo ne mai saurin rabuwa da mutum ba. Babana, don tausayi, ya ce lekol, wato makaranta, ta ƙare mini, in zauna a gida. Na ce masa in ya rufe ni a ɗaki, to ya gama abin da ciwon ya fara. Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Washegari na sa kayan makaranta, na fita ina dafa bango. Inna ta biyo ni, ta karɓi jakata ta raka ni. Daga nan kullum sai ta dafa ruwa ta gasa mini hannuwa kafin mu fita, Baba kuwa da kansa ya je ya gargaɗi malamin.

Yau ni ce nake tsaye gaban allo, da yatsuna karkatattu, kuma har gobe ina shan magani. Ban warke ba, ban kuma roƙi kowa ya ji tausayina ba. Iyaye, in ɗanku ya ce yana jin ciwo, ku yarda da shi. Ku nemi magani, amma kada ku ɓoye shi da sunan hutu. Magani yana sauke kumburi, amma ba ya fito da yaron da aka rufe a ɗaki.