Hajiyar Da Ta Ƙi Kashe Salula

Shekarun baya, a shekarar da hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe a gonakinmu na wajen Tirmini, na shiga jirgin sama karo na farko. Ban daɗe da gama jami'a ba, na samu aiki a wani porje, wato shirin agaji, mai rabon cimaka a ƙauyuka, aka ce in je Yamai horo. Abin da ya tuno mini da tafiyar shi ne gardamar da na ga ana ta yi kwanan nan, kan ko ya kamata a bar mutane su yi waya a cikin jirgi. Ni ba masanin wannan fanni ba ne, kuma ba na son faɗin abin da ban tabbatar ba. Abin da ya faru da ni kawai zan ba ku.

Ina da ƙane, shi ke bi mini. Shi ya zauna gida yana noma duk shekarun da nake lakwal ina karatu. Da rumbu ya ƙare a waccan shekara, har aka fara jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, a gidaje ana ci, sai ya soma maganar Libiya. Samarin garinmu da yawa sun riga sun tafi, su bi ta Agadas su ratsa sahara a bayan mota. Wasu a ji labarinsu, wasu shiru. Mahaifiyata ba ta son ko a ambaci sunan ƙasar a gabanta.

Na yi wa maigidanmu na biro, wato ofis, magana, ko za a ɗauke shi cikin masu tsaron magazar hatsi. Ya ce zai duba. Ban gaya wa ƙanena ba, don ni ba na iya sa wa mutum rai a kan "zan duba". Sai da safen ranar tafiyata maigidan ya leƙo ya ce an amince, yaron ya zo ya kama aiki farkon wata. Na ce a raina, bari in dawo daga Yamai in kai masa labarin da bakina. Ina ganin babu gaggawa.

A lokacin salula ɗaya ce a unguwarmu ta ƙauye, ta wani maƙwabcinmu mai shago. Ba a kiran mutum da ita, bip ake yi masa: a buga, da ta yi ƙara a katse, shi da ke birni ya kira. Bip ɗaya gaisuwa ce. In aka jera su, to akwai magana. Ina zaune a filin jirgin Damagaram, na rungume jakata kamar za a ƙwace, sai aka jero mini su.

Na kira. Mahaifiyata ce, kuma ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba.

"Ya tafi. Tun da aka yi asuba ya fita. Ya ɗauki jakarsa da bidon ruwan nan da ya ɗinke da buhu. Matarsa ta ce tashar Agadas ya nufa, nan wurinku."

"Inna, kin tabbata? Ko kasuwa ya je?"

"Wa ke zuwa kasuwa da bidon ruwa? Kai kake birni, ka je ka tare shi."

Ƙanena ba shi da waya. Na kira abokina da ke da moto, wato babur, yana can garin Dogo wurin aiki. Na kira wani, ba ya ɗauka. Ina cikin haka aka ce mu tashi mu shiga jirgi. Na yi tunanin in fasa tafiyar, na kuma yi tunanin aikin da ban yi wata uku a kai ba, wanda shi ne ke ciyar da gidanmu duka. Kafin in gama auna wannan da wancan, ƙafafuna sun riga sun bi layi. A bakin matakala wani ma'aikaci yana cewa kowa ya kashe salula.

To, ni a biro an gaya mini waya tana rikita na'urorin jirgi, kuma na ɗauki maganar da dukan zuciyata. Na tsaya ina lissafi: ga ƙanena ɗaya, ga mutane cike da jirgi, da iyalansu. Na kashe. Don in tabbatar, na cire batirin na sa a aljihu daban. Yau in na tuna ina yi wa kaina dariya, amma a ranar ji nake kamar bam na kwance.

Kujerata ta faɗa kusa da wata Hajiya, babbar mace, daga gani 'yar kasuwar Birni ce. Tun kafin in zauna salula na manne a kunnenta. Faɗa take yi da wani a kan buhunan barkono da aka loda mata a ƙasan kaya suka murƙushe. Muryarta ta cika jirgin. Na daure, na daure, zufa na karyo mini. Can na tattara duk ladabin da aka koya mini na ce:

"Hajiya, ki yi haƙuri, ina jin kamar an ce a kashe salula."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Mushe, kai ne direban jirgin?" in ji ta, da irin kiran da ake yi wa 'yan boko.

"A'a, Hajiya. An dai ce tana iya jawo matsala."

"Ko ƙofa ba a rufe ba. Na shiga jirgin nan tun kana koyon ƙirga, bai taɓa faɗuwa da ni ba." Ta koma kan barkononta. Sai kuma ta sake juyowa, ta zuba mini ido. "Kai, wannan ba tsoron jirgi ba ne kaɗai. Ɗana, me ya same ka?"

Ban saba ba baƙo labarin gidanmu ba. Amma na ba ta, a hargitse, ƙarshe kafin farko. Ba ta ce sannu ba. Ta katse mai barkono ba sallama, ta fara laluben wata lamba.

"Ɗan kamashon tashar Agadas shi ke loda mini kaya. Yaya sunan ƙanen naka? Yaya kamanninsa?"

Na gaya mata. Na ce dogo ne, yana da tabo a haɓa, yana ɗauke da bidon da aka ɗinke da buhu. Ta ce rabin tashar masu irin wannan bidon ne, amma tabon zai yi. Mutumin ya ɗauka. Ta ce ya bar duk abin da yake yi ya je wurin motar da ke lodi. Muka jira. Aka rufe ƙofar jirgi. Ma'aikaciyar jirgin, wata doguwar yarinya mai natsuwa, ta fara bin kujeru tana duba mutane.

"Ya gan shi," in ji Hajiya. "Yana cikin mota, kayansa na sama, saura mutum kaɗan ta cika. Me za a ce masa?"

Na ce, "A ce masa akwai yiwuwar... wato an yi magana a biro, kuma in Allah ya yarda, da alama..."

"Ɗana, akwai aikin ko babu?"

"Akwai. An ce akwai."

Ta girgiza kai. "Ko da akwai, ba zai sauko ba. Yana zaune cikin abokan tafiyarsa, ya yi sallama da gida, a ce ya fito don wansa ya aiko? Kunya ba za ta bar shi ba. Na haifi irinsu."

Ma'aikaciyar ta iso kanmu. Ta yi magana da Faransanci, ta maimaita da Hausa: "Hajiya, a kashe, za mu tashi." Hajiya ta ɗaga mata yatsa ɗaya, ta ce cikin wayar:

"Kar ka ce masa komai. Hau saman motar ka sauke kayansa, jaka da bidon duka, ka kai ɗakinka ka kulle. In ya yi faɗa ka ce ni na sa ka. Ka cike gurbinsa da wani, motar ta tafi. Ka ji ko?"

Jirgin ya fara motsi. Yarinyar ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma gusa ba. Ta miƙa hannu kawai ta ce, "Hajiya, ko ki kashe ko ki ba ni in riƙe miki." Hajiya ta danna da ƙarfi har hasken ya mutu, ta nuna mata, ta ce, "Ga shi nan, 'yar nan, kin fi uwarki taurin kai." Yarinyar ta yi murmushi ta wuce.

Haka muka tashi, ba mu san ko an sauke kayan ko ba a sauke ba.

Ban taɓa zama cikin rashin sani irin wannan ba. Na leƙa ta taga, ƙasar duk ja ce, gonaki kamar an share su da tsintsiya, ga hanyoyin ƙafa sirara suna fita daga ƙauyuka. Da farko fushi nake. Ina ta shirya maganganun da zan gaya masa: ka bar tsohuwa, ka bar matarka da jaririya, ka fita kamar ɓarawo. Na jera su da kyau, har da inda zan ɗaga murya. Da da halin waya a wannan lokaci, na tabbata da na karɓi ta Hajiya na zazzage masa su duka. Na kuma san ƙanena. Da ya ji su, ko da tufafin jikinsa kaɗai zai hau mota ta gaba.

Amma babu halin. Sai zama. Hajiya ta ɓare goro ta ba ni, ta ce in tauna kunnena zai buɗe. Ta tambaye ni wa ya riƙe gona da nake karatu. Na ce shi. Ta ce, "To," ta rufe ido ta yi barcinta. Wannan "to" ɗin ya zauna mini har muka wuce rabin hanya. Na tuna shekarun da yake aiko mini da gari da ƙuli-ƙuli a Yamai, bai taɓa cewa ya gaji ba. Na ga cewa mutumin da ya cika rumbu shekara da shekaru, ba ƙaramin abu ba ne zai sa ya zauna yana jiran abin da wansa zai aiko. Kafin mu fara sauka, jawabin nan nawa duk ya zube, ban ma iya tuna farkonsa ba.

Tayoyin jirgin na taɓa ƙasa Hajiya ta kunna salularta. Na buɗe baki in ce ba a ba da izini ba tukuna, na rufe. Ta kira. Na ji ɗan kamashon yana ta bayani, ita tana dariya.

"An sauke. Ya ce saura kaɗan su dambace, mutane suka raba. Motar ta tafi. Ƙanenka ya zauna ya ƙi magana, yanzu dai ya sa an kawo masa fura ya sha. Ungo."

Na karɓa da hannu biyu.

"Yaya," in ji ƙanena. Muryarsa a dushe take. "Kai ka sa aka sauke mini kaya a gaban mutane?"

Da sauƙi in ce wata Hajiya ce, kuma ba ƙarya na yi ba. Na dube ta, tana gyara mayafi kamar ba ta ji.

"Ni ne," na ce. "An samu aiki a magazar hatsi. Farkon wata za ka fara."

Ina jin hayaniyar tasha a bayansa.

"Tabbas ne, ko irin maganarka ce?"

"Tabbas ne."

Ya ja numfashi. "To ka ce ya buɗe mini ɗakin. Kuma kai za ka yi wa Inna bayani, ni ba zan iya haɗa ido da ita yau ba."

Ya yi aikin magazar har porjen ya ƙare, daga nan ya koma gona da 'yan dabbobinsa. Cikin waɗanda suka tafi a motar nan, akwai wanda ya dawo ya gina gidan siminti, akwai wanda har yau ba a san inda yake ba. Ƙanena bai taɓa yi mini godiya ba. In maganar ta taso, cewa yake, "Da ba don kai ba da yanzu ina da bene." Ni kuwa ba na musu, don ban san cikin biyun nan wanne zai zama ba, shi ma bai sani ba.

Game da gardamar da ake yi, na kasa tsayawa gefe ɗaya, kuma wannan karon ina ganin ba halina ba ne kaɗai. Da Hajiya ta bi maganata ta kashe tun da na roƙe ta, da ƙanena ya kwana a hanyar Agadas. Da kuma yarinyar nan ta ƙyale mu da wayar har cikin sama, da na lalata da bakina abin da aka gyara. Na ji an ce yanzu akwai jiragen da ake barin mutane su aika saƙo, wataƙila masana sun gano babu haɗari, ban sani ba. Ni dai har yau ina kashe tawa da zarar an ce a kashe. Abin da na daina shi ne yanke wa na kusa da ni hukunci, don ban san wa ke ɗaya gefen wayar ba.

Hajiya kuwa mun rabu a wurin ɗaukar kaya. Ina ta jero godiya, tana ta ɗaga mini hannu in tafi, ta riga ta koma kan mai barkono. Ban karɓi lambarta ba, ko sunanta ban tambaya ba. Da na ba mahaifiyata labarin, ta ce ba komai, Allah ya san sunanta. Har ta bar duniya, in ta idar da salla ta ambaci iyayenta da 'ya'yanta, sai ta ƙara da "matar nan ta cikin jirgi".